Murfin Kwalba Ɗaya na Kananzir

Shekara uku ke nan da rasuwar kakana, Malam Sale mai fitila na Sabon Layi, kuma sai a makon jiya na samu na ba shi amsar tambayar da ya yi mini. Ku yi haƙuri, masu karatu, idan rubutun nan ya zo muku da rawar kai. A waya nake buga shi, na fara a cikin keke, ina ƙarasawa a tsakar gida. Na san rubutun tuna mamaci da natsuwa ake yinsa, kuma zan gwada. Amma duk wanda ya san Kaka ya san da zai leƙo ya gan ni ina ɓata rai ina matse ido, cewa zai yi, "Ke Ma'u, wa ya mutu?"

Kaka ƙirar gwangwani ya gada. Iyayensa daga yamma suka zo Mubi da almakashi da dalma, shi kuma a nan aka haife shi. Yana yin mazurari, yana liƙe bokiti, amma abin da ya sa masa suna fitilar aci-balbal ce, wadda ake yi da gwangwanin madara. Lokacin da na yi wayo tocila 'yar China ta riga ta cinye kasuwar, har su Goggo suna cewa ya haƙura mana. Bai haƙura ba. Yana da ƙusa guda ɗaya da yake huda bakin kowace fitila da ita, ba ya ara wa kowa. Zaren lagwani ƙirga shi yake yi kafin ya murɗa. In ya gama, sai ya kifa fitilar ya buga ɗigo uku a gindinta, shaidar cewa tasa ce. Burinsa a duniya, wai duk fitilunsa su ba da haske iri ɗaya. Ni a lokacin gani nake tsufa ne kawai.

Ina aji biyu na babbar sakandare, a 2011, na biya shagonsa da la'asar kamar kullum, don a can ne babu mai hana ni latsa waya. Rediyonsa na kunne. Sai aka ce an ba wasu masana wata babbar lambar yabo saboda sun gano sararin samaniya faɗaɗa yake yi, kuma gudun faɗaɗar ƙaruwa yake, ba raguwa ba. Ni ko a jikina, ina can ina hira da ƙawaye. Kaka ya ajiye guduma.

"Uwar latsa."

"Na'am, tsoho."

"Kin ji abin da suka ce? Da me suka auna?"

"Oho. Turawa ne fa, Kaka, suna da injina."

"Inji ba ya auna abin da ba a nuna masa ma'auninsa ba. Wa ya ja igiya daga nan zuwa can? Ke da kike danna abin nan har babban yatsanki ya fi nawa kanta, tambayo min shi."

Don in rufe masa baki na shiga nema. Kwana uku ina fama da turancin da ya fi ƙarfina, a waya mai madannai, netwok yana zuwa yana ɗaukewa. Abin da na tsinto shi ne wannan. Akwai wani irin tauraro, ƙarami ne amma nauyin tsiya, da yake zuƙar kayan maƙwabcinsa yana ƙara nauyi har ya kai wani mizani, sai ya tarwatse. Sufanoba ake ce wa fashewar. Tunda kusan a mizani ɗaya irin waɗannan suke fashewa, haskensu ma kusan ɗaya ne. To in ka san ainihin hasken abu, kuma ka ga yadda ya dusashe kafin ya iso idonka, ai ka san nisansa. Na zo da gudu na zazzage masa.

Kaka ya yi dariya har da tari. "Ashe 'yan sana'armu ne. Fitila suke kallo." Ranar har tsire ya aika aka sayo mini. Ina cikin ci ina jin kaina, sai ya ɓata mini lissafi.

"Amma kin ce kusan ɗaya. Kusan. Ni tun ina saurayi nake nema, da ƙusa ɗaya da hannu ɗaya, ban taɓa yin fitila biyu da suka zo daidai cif ba. To su, in suka ga wani ya dusashe, yaya za su san nisa ne ya yi, ko dama can shi rago ne?"

Na sake zaro waya na shiga latsawa. Wayar ma ba ta cece ni ba. Daga ranar ya samu abin tsokana. Na kawo masa abinci, "Ina amsata?" Na ci jarabawar fita, "Madalla, ina amsata?" Da na samu gurbin karanta fiziks a jami'a, mutane suna ta taya murna, shi cewa ya yi, "To yanzu an tura ki inda ake dafa ta."

Ba zan daɗe a kan ƙarshen 2014 ba. Duk ɗan Mubi yana da nasa labarin ranar da mahara suka shigo gari ya watse, kuma na wasu ya fi namu ɗaci nesa. Mun bi ta duwatsu a ƙafa. Kaka ya ƙi a goya shi. A kwana na biyu muka zauna gindin wata bishiya da rana tsaka, wayata ta mutu tun jiya amma ina riƙe da ita kamar wata laya. Ya kalle ni, leɓensa duk a bushe.

"Yau uwar latsa ta samu hutu. Tunda ba aikin yi, ina amsata?"

Har Mama, 'yarsa, wadda tun safe take kuka, sai da ta yi dariya. Mun isa Yola, ƙirjinsa bai sake komawa daidai ba, makonni kaɗan ya cika. Allah ya jiƙansa. Da muka dawo gida, shagon ba ƙofa, ba ƙusar, ba ko fitila ɗaya.

Karatu ya tsaya, muka yi asarar lokaci, daga baya muka koma. A aji uku aka yi mana lakca a kan irin wannan fashewar, har malamin ya ce masana suna da wani gyara da suke yi wa lissafin ta hanyar duba yadda hasken ke mutuwa. Na kwafa a littafi, na haddace, na zuba a jarabawa, na wuce abina. Wallahi ko kusa ban haɗa shi da tambayar Kaka ba. Haka muke karatu, kar mu yaudari juna.

Bana da aka zo rabon furojet na shekarar ƙarshe, kowa ya ɗauki abin da aka saba, ni na ce fitilun aci-balbal zan yi amfani da su in nuna yadda ake auna nisan sufanoba. Malamin da ke duba aikina, Dokta muke ce masa, mutum ne da ba ya ɓata kalma. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Asma'u, nan sashen kimiyya ne, ba layin 'yan gwangwani ba."

"Sa, ka ba ni dama."

"Na ba ki. Amma in ɗigoginki ba su hau layi ba, ba zan sa hannu ba. Sai baɗi."

Ku gane abin da baɗi take nufi a wurina. Na riga na rasa lokaci ba da laifina ba. 'Yan ajinmu za su tafi bautar ƙasa, ni in zauna ina maimaita furojet, ana nuna ni ana cewa ga wadda ta kawo aci-balbal jami'a. Ƙawata ta ce, "Ma'u, kin kunna wa kanki wuta da hannunki." Na ce ai da ma wutar nake nema.

Matsalar farko, ina fitilun? Sai na shiga farauta. Duk Asabar ina cikin keke, daga Gude zuwa Mayo Bani, gida-gida, ina sallama ina roƙon a fito mini da tsofaffin fitilu. Mafi yawa sun zubar, sola ta shigo. Wasu su kawo, in kifa, ba ɗigo uku, in mayar. Yara suna bina suna dariya. A Gude aka kai ni gidan wata tsohuwa, Mama Rifkatu, na same ta tana ɓarar gyaɗa. Da na faɗi sunan Kaka sai ta tsaya.

"Kai ne jikan mai fitila? Zo nan in gan ka da kyau."

Ta shiga ɗaki ta fito da ita a naɗe cikin leda. Ta ce ranar gudu ta bar tukwane ta bar zannuwa, amma wannan ta jefa a buhu, don tun aurenta a wurinsa take saye, kuma tasa ba ta taɓa yoyo ba. Na kifa, ga ɗigo uku. Sai da na juya baya na goge ido.

"Aro na ba ka," in ji ta. "Kar ka taɓa mini lagwani. Ni na sa abina."

Bakwai na haɗa. Wani abokin mahaifina ya ara mini siton gyaɗarsa da ba kowa a ciki, dogo ne, ba taga, in ka rufe ƙofa da tsakar rana ko tafin hannunka ba ka gani. Na ja tef na jera fitilun nesa-nesa da juna, na kulle saitin kamarar wayata don kar ta riƙa gyara haske da kanta, na ɗauki hotuna, wata manhaja ta karanta mini ƙarfin hasken kowacce. Dokar mai sauƙi ce: ka ninka nisa biyu, haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Na zuba lambobi ina waƙa.

Jama'a, abin da ya fito kamar an watsa wa kaji tsaba. Fitilar da ke kusa lissafi ya ce tana can ƙarshen sito. Wadda ke ƙarshen ya jawo ta tsakiya. Na sake sau uku, duk ɗaya. Da na duba da kyau sai na ga dalili. Ƙirar Kaka ce, amma shekaru sun bi ta kansu. Mama Rifkatu yagen atamfa ta sa a matsayin lagwani. Wani a Mayo Bani igiyar moda ya cusa, har ya buɗa bakin da wuƙa. Wata kuwa, na rantse, tsohuwar safa ce.

Sai na yi dabara irin ta ɗalibi. Na je wurin Dokta na ce zan cire duka in sa sabon lagwani iri ɗaya, shi ke nan an wuce wurin.

"Ya yi kyau," in ji shi. "In kin gama, ki hau sama ki canza wa taurarin nasu lagwanin."

Na fito ofishin ina juya maganar. Gaskiyarsa. Mai kallon tauraro ba ya taɓa shi, daga nan ƙasa zai gane rago da jarumi. Tambayar Kaka ce ta dawo mini da tabarau da taye. Saura mako uku a kare furojet.

Na dawo gida na baje fitilun a tabarma ina ta ƙunƙuni. Mama tana gefe tana gyaran zogale, ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Ke da wahalar da kai. Baba ai da murfin kwalba yake gane su."

"Wane murfi?"

"Na lemo. In ya gama fitila sai ya zuba mata kananzir murfi ɗaya, ya kunna, ya ɗauki carbi yana ja. Wadda ta riga mutuwa ya ce ta cika ci, haskenta ya yi yawa. Wadda ta daɗe ya ce raguwa ce. Sau nawa kina zaune a shagon yana yi? Kina can kina latse-latse."

Na yi wata ƙara har kaji suka watse. Littafin aji uku na je na zaƙulo daga ƙasan akwati, ga shi nan da rubutuna: ana gane ainihin hasken sufanoba daga tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta dusashe. Masana ba sa tsayawa a hoto ɗaya, bin ta suke yi makonni suna kallon yadda take mutuwa, daga nan su san ko mai ƙarfi ce ko raguwa, su gyara lissafin nisa. Bambancin kawai, a fitila mai haske ce take riga mutuwa, a tauraro kuwa mai hasken ce take daɗewa. Amma dabarar ita ce dai: kar ka taɓa, ka jira, ka ƙirga. Tsohon nan yana da amsar tambayarsa a aljihu, shekara da shekaru yana yi a gabana. Har yau ban sani ba, bai haɗa ba ne shi ma, ko so yake in ɗago kai daga waya in gani da idona. Na fi zargin na biyun.

Na koma sito. Kowace fitila na tsiyaye ta, murfi ɗaya, agogon waya. Na gwada kusa-kusa na fitar da dangantakar daɗewa da haske, na mayar da su nesa na gyara lambobin. Ɗigogin nan da suka watse suka dawo suka jeru, ba cif-cif ba, amma layi ne da ko makaho zai shafa ya ce layi ne. Na tura wa Dokta hoton. Amsarsa kalma biyu: "Zo gobe." A wurinsa wannan guɗa ce.

Ranar karewa na zo da barguna muka toshe tagogin ajin. Akwai wani farfesa da aka gayyato daga wata jami'a, an ce ba ya dariya. Kafin in fara magana na kunna fitila biyu a bayan aji, a bayan wani allo mai ƙananan huda biyu, yadda haske kawai za a gani, ba a ganin inda suke. Kowacce murfi ɗaya. Sannan na shiga bayani: yadda nisa ke fitowa daga haske, yadda launin hasken ke karkata zuwa ja gwargwadon miƙewar da sarari ya yi tun tasowarsa, da yadda a 1998 masana suka zaci za su tarar faɗaɗar tana rage gudu, sai suka ga sufanoba na nesa sun fi dusashewa fiye da lissafi. Sun fi nisa ke nan, gudun ƙaruwa yake. Abin da ke tura shi aka sa wa suna dak enaji, wato ɓoyayyen ƙarfi.

Farfesa ya ɗaga biro. "Malama, duk na ji. Amma in tauraro ya dusashe, yaya kika san nisa ne, ba rauninsa ba ne?"

Wallahi saura kaɗan in ce masa na'am, tsoho. Na dake na ce, "Sa, don Allah ku juya. Wacce ta fi nisa a cikin biyun nan?"

Suka juya. Ya ƙura ido. "Haskensu ɗaya. Zan ce nisansu ɗaya."

"Mu ɗan jira, Sa."

Kowa ya zuba wa hudojin ido. Ni kuwa ina ta addu'a kar kananzir ya ba ni kunya. Can sai ta hagu ta fara rawa, ta yi ja, ta mutu. Ta dama tana nan tana ci abinta.

"Ta hagu ta riga mutuwa, ita ce mai ƙarfi ke nan. Mai ƙarfi kuma ta zo idonku daidai da raguwa, to ta fi ta nisa."

Aka janye allon. Ta hagu tana can jikin bango, ta Mama Rifkatu mai yagen atamfa tana nan kusa. Farfesa ya tashi da kansa ya je ya ɗaga ɗaya, ya kifa ta, ya ga ɗigo uku.

"A wane littafi kika samo gwajin murfin?"

"Na kakana ne, Sa. Maƙerin gwangwani ne."

"To ki sa sunansa a jerin madogara, ba a shafin godiya ba."

Dokta ya sa hannu a gabana. Na fito na rungume ƙawata muna tsalle, har mai gadi ya zo ya ce ko lafiya.

Tun ranar nake tunanin da Kaka yana nan me zai ce. Garin ya canza masa. Layinsu yanzu masu cajin waya ne da masu sayar da sola, yaran unguwa ba su san warin aci-balbal ba. Ba na jin zai yi baƙin ciki da wannan, shi da haske yake so, ba gwangwani ba. Zai karɓi 'yar solar ya jujjuya, ya tambayi dalilin da ya sa ta wane ta fi ta wane haske alhali kamfani ɗaya ya yi su. Ni kuma na san ba zai bar ni in sha iska ba. Zai saurari amsata har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya aika a sayo tsire, ina cikin ci ya ce, "To shi wannan ɓoyayyen ƙarfin, mene ne shi?" Dole in ce masa ba wanda ya sani, Kaka. An auna aikinsa, an ce shi ne kaso mafi yawa na duk abin da ke sararin nan, amma ko su masu lambar yabon ba su san ko mene ne ba. Ina jin muryarsa: "Madalla. Ina amsata?" Shi ya sa na fara cike takardun neman digiri na biyu. Mama ta ce ni da Kaka sai Allah.

Ba mu gaji shago ba, ba mu gaji ƙusar ba, ko hotonsa mai kyau ba mu da shi, wanda ke wayata ta da ya tafi tare da ita. Abin da ya bar mini ɗabi'a ce: duk wanda ya faɗa mini abu, komai girmansa, sai na ji bakina yana ƙaiƙayin cewa da me ka auna. Sai kuma fitilu bakwai da ba nawa ba.

Shekaranjiya na gama mayar da su. Ta Mama Rifkatu ce ta ƙarshe. Ta karɓa, ta fara duba lagwaninta, ta ga yagen atamfarta yana nan yadda ta sa shi, sannan ta ɗago.

"To yaya? Tsohon ya ci jarabawan?"

Na ce, "Ya ci, Mama."

"Na sani," in ji ta. "Nasa ba ya yoyo." Ta mayar da ita cikin leda, ta tura mini kwanon gyaɗa.